Abin da Aka Ciro a Cikin Baffa

Shekarar da aka yanke Jihar Katsina daga tsohuwar Kaduna, wato 1987, ita ce shekarar da ciwon Baffa ya kai inda ba ya ɓoyuwa. Ina sakandare a lokacin, kuma duk gidanmu na Tafashiya ni kaɗai ke iya haɗa baƙi a takardar asibiti. Shi ya sa lamarin da ya kamata ya tsaya tsakanin manya ya biyo ta kaina.

Baffa yayan mahaifina ne, manomin gero da dawa da gyaɗa, ƙaƙƙarfan mutum da ba a san shi da kwanciya ba. Fitsari ne ya fara damunsa. Babu zafi, babu jini irin na tsargiya da muka saba gani ga yara masu wanka a kududdufi, riƙewa ce kawai ta gagare shi. Sai ya yi alwala ya nufi masallaci, kafin a tayar da iƙama ya juyo. Da dare kuwa barcinsa guntu-guntu ne. Ga dattijo mai kunya wannan ba ƙaramin abu ba ne, don haka ya yi shekaru yana fama bai faɗa wa kowa ba sai ƙanensa. Daga baya nauyi ya sauko masa a mara, bayan gida ya soma yi masa wuya. Akwai kuma wata magana da yake yawan maimaitawa, wadda babu wanda ya tsaya ya saurara da kyau: in ya kwanta ya juya daga dama zuwa hagu, yakan ji wani abu ya gangara a cikinsa ya je ya tsaya.

An yi abin da aka saba yi. Wanzami ya zo ya kafa masa ƙaho a ƙugu. An jiƙa sassaƙe da saiwoyi, wannan ya ce basir ne, wancan ya ce sanyin mara ne, an sha rubutu an yi tofi. A asibiti an gwada fitsarinsa ko da sukari, ba a samu ba, aka ba shi ƙwayoyi ya dawo gida. Ban ga laifin kowa ba a nan. Ko a yau, dattijon da ya haura hamsin ya zo da kukan yawan fitsari, abin da ma'aikacin lafiya zai fara kawowa a ransa shi ne ciwon sukari, ko kumburin ƙullin nan da ke wuyan mafitsarar maza, ko tsakuwa, kuma galibi cikin ukun nan ake samun amsa.

Bayan an gama kaka, wata safiya fitsarin ya tsaya cak. Aka sa masa roba aka zuƙe, aka ce mu wuce Kano. Zamanin SAP ne, lokacin da Naira ta faɗi kuma kusan komai na asibiti sai mai jinya ya sayo da kuɗinsa, daga allura har audugar goge ciwo. Mahaifina ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗa. Muka fito Kankiya muka shiga mota, ta Tsanyawa da Bichi, Baffa na zaune a gefe ɗaya yana riƙe da jakar fitsari ƙarƙashin babbar riga don kada fasinjoji su gani.

Hoton farko da aka ɗauka ya nuna wani farin tabo zagayayye can ƙasan mara. Aka ce tsakuwa ce a mafitsara, mu ma muka ji sanyi, don mun taɓa jin an ciro wa mutane ita sun warke. Da aka sake hoto bayan an yi masa allurar ruwan da ke haska hanyar fitsari, sai magana ta canja. Tabon ba ya cikin mafitsara, daga waje yake danne ta, kuma ba ya daidai wurin da aka gan shi da farko. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin likitoci suna ja-in-ja da Turanci, suna ɗaga hotunan biyu a gaban fitila. Ban fahimci yawancin abin da suke faɗa ba, amma na tsinci kalmar da na san tana nufin ƙari, gabana ya faɗi.

Babban likitan ba ya jin Hausa, wata ma'aikaciyar jinya ce ta yi tafinta.

"Baba, likita ya ce akwai wani abu a cikinka, amma ba za a san ko mene ne ba sai an buɗe. Ka yarda?"

Baffa ya dubi mahaifina, sannan ya ce, "'Yata, ki ce mashi in dai zai raba ni da wanga abu, ya buɗe. Rai na Allah ne."

Aikin bai ɗauki lokacin da muka zata ba. Muna zaune a baranda tare da masu jinyar wasu marasa lafiya, sai ga ma'aikaciyar nan ta fito da wata ƙaramar tasa ta ƙarfe, likita na biye da ita. A cikin tasar akwai wani abu fari sol, sumul, mai sheƙi, da siffar dafaffen ƙwan da aka ɓare, sai dai ya kusa cika tafin hannun babban mutum. Babu jijiya a jikinsa, babu tsoka, babu alamar inda aka yanke shi. Likita ya riga ya raba shi biyu: daga waje fari ne mai tauri, hawa-hawa, a tsakiya kuma ga wani rawaya-rawaya mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, daidai inda gwaiduwa take zama. Mahaifina ya yi salati. Wani mutum da ba mu san shi ba, wanda ya leƙo ta bayan kafaɗarmu, ya ce da ƙarfi, "Wannan ai ƙwai ne. An yi wa bawan Allah nan jifa."

Likita ya yi magana, aka fassara mana a taƙaice. Ya ce abin ba ya manne da komai, hannu kawai ya sa ya ɗauko shi daga ƙasan ciki, kuma za a kai ɗakin gwaje-gwaje a duba. Da sakamakon ya fito aka ce ba ciwon daji ba ne. Mahaifina ya tambaya, to mene ne, kuma ta ina ya shiga? Aka ce, "Ba komai ba ne, Baba, ku gode wa Allah." Mun gode wa Allah kuwa. Baffa ya warke sarai, fitsari ya daidaita, ya koma sahun gaba a masallaci, damina ta gaba ma da kansa ya riƙe garma. Amma mutumin da ya ga an ciro abu mai kamar ƙwai daga cikin ɗan'uwansa, "ba komai ba ne" ba ta isar masa amsa. Mutumin nan na baranda shi kaɗai ya ba da bayani cikakke a ranar, kuma bayaninsa ne ya riga mu isa Tafashiya.

Dole a yi wa mutanenmu adalci. A sanin da muka tashi da shi, ƙwai kayan aikin masu sammu ne: a yi rubutu a jikinsa, a binne a bakin ƙofa ko a mararraba. Kowa ya taɓa jin labarin bokan da ya shafa cikin mara lafiya ya zaro allura ko gashi ko ƙullin tsumma. To ga shi yanzu ba boka ba, likitan boko da kansa ya ciro ƙwai, a gaban shaidu. Kowa ya san abin da aka haɗiya hanji yake bi ya fita, wannan kuwa an ce ba a cikin hanji aka same shi ba. Da wannan sanin, tunani ba shi da inda zai nufa sai jifa. Daga nan kuma tambaya ɗaya ta rage: wa ya yi?

Baffa na da mata biyu. Amaryar 'yar wani ƙauye ce ta wajen Kusada, yarinya mai ɗan zafin baki, wadda ba su cika shiri da dangin miji ba. Goggo ce ta fara tuna cewa a wata damina, lokacin da zabi ke ƙwai, ta ga amaryar ta dafa ƙwan zabi ta kai wa Baffa shi kaɗai a ɗaki. Shi ke nan. Mahaifina ya yi ta faɗa cewa ciwon ya girmi auren, shi shaida ne, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa yayansa ke kuka da fitsari. Ya tuna musu cewa zato zunubi ne. Muryarsa ba ta kai ko'ina ba. Baffa bai taɓa buɗe baki ya ce ita ce ba, amma ya daina cin abincinta ranar girkinta, kuma a gidan aure wannan ya fi magana ƙarfi. Mata suka daina aika 'ya'yansu ɗakinta. In ta je rijiya sai hira ta mutu. Kafin shekara ta zagayo aka ba ta takardarta, ta tafi da 'yar jaririya a baya. Ni na kai mata ƙullin kayanta bakin hanya.

Na gama sakandare na yi karatun jinya a Katsina, daga baya aiki ya kai ni ɗakin tiyata, inda na ƙare rayuwar aikina. Na ga an ciro abubuwa iri-iri daga cikin mutane: tsakuwar mafitsara, tsakuwar matsarmama, ƙarin mahaifa manya da ƙanana, hanjin da ya murɗe ya mutu. Irin abin Baffa kuwa shekaru suka yi ta wucewa ban sake gani ba, don abu ne da ba kasafai ake cin karo da shi ba. Likitan tiyata na iya yin ritaya bai taɓa riƙe babba irinsa a hannu ba.

Na kusa barin aiki aka kawo wani dattijo da nauyin mara da yawan fitsari. An yi masa hoton CT, na'urar da ke nuna cikin mutum yanki-yanki, aka ga curi zagayayye mai santsin gefe da farin ɗigo a tsakiya. Likitan hoto ya lura da abu biyu. Na farko, da aka yi allurar ruwan da ke bin jini, curin bai haska ba, alamar babu jinin da ke shiga cikinsa, alhali ƙari mai rai da jini yake rayuwa. Na biyu, ya sa aka kifar da mutumin rub da ciki aka sake ɗauka, sai curin ya bar wurinsa ya koma gaba. Ina jin haka maganar Baffa ta dawo mini, ta abin da ke gangarawa in ya juya. Ashe tun a kan tabarmarsa ya gano abin da na'ura mai tsada take tabbatarwa.

Aka yi wa dattijon aiki ba tare da an tsaga cikin ba, ta 'yan ƙananan huji da ake zura kyamara da dogayen almakasai. A talabijin ɗin ɗakin tiyata na gan shi kwance tsakanin mafitsara da ƙarshen hanji, fari, sumul. Likita ya taɓa shi da kan ƙarfe ya mirgina. Aka jefa shi a 'yar jaka, aka ɗan faɗaɗa huji ɗaya aka zaro. Da aka gama na tare likitan, matashi ne sa'an ƙanena, na ce ya zaunar da ni ya koya mini wannan abu daga tushe. Ya yi, kuma ya ba ni abin karantawa.

A jikin babban hanji, ta waje, akwai wasu 'yan tsirin kitse da ke reto, kowane mutum yana da su, daga hamsin zuwa ɗari. Kowanne yana rataye ne da siririn wuya wanda 'yar jijiyar jini ke bi. Wani lokaci ɗaya daga cikinsu yakan murɗe a kan wuyan nan, jini ya yanke. In abin ya zo farat ɗaya, mutum zai ji ciwo mai tsanani a gefen ciki na 'yan kwanaki, ya wuce. In ya zo a hankali, ba lalle ma ya ji komai ba. Kitsen ya mutu, ya daskare, sinadarin kalsiyam ya taru a cikinsa ya yi tauri, wuyan ya bushe ya tsinke. Sai ya faɗa cikin sararin da ke tsakanin kayan ciki, inda akwai ɗan ruwa mai santsi da ke hana hanji gogar juna. A nan zai yi ta mirginawa shekara da shekaru, furotin ɗin da ke cikin ruwan yana liƙe masa, hawa bisa hawa. Rawayan tsakiya shi ne mataccen kitsen asali, farin waje kuma abin da ya tara a tsawon zamansa. Ba daga baki ya shiga ba, ba kuma daga waje aka jefo shi ba. Naman jikin mutum ne ya ɓalle ya zauna a cikinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsufan wannan sani. Wani likita Bafaranshe mai suna Littré ya ba da labarin irin wannan curi tun 1703. A 1863 Virchow, shahararren masanin cututtuka na Jamus, ya bayyana yadda yake samuwa daga tsirin kitsen nan. Wato amsar da mahaifina ya nema a baranda ta fi shekara ɗari da ashirin a rubuce a ranar da ya yi tambayar. Yawancin irin waɗannan curi ƙanana ne, daga rabin santimita zuwa biyu da rabi, ba sa damun kowa, sai dai a ci karo da su ana wani aikin daban. Wanda ya wuce santimita biyar shi ake kira babba, kuma an fi samunsa ga maza masu shekara hamsin zuwa saba'in. A 2015 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine da ke Amurka ta buga hoton wanda aka ciro wa wani mutum mai shekara 62, tsawonsa santimita 10, nauyinsa giram 220. Mutumin ya yi sama da shekara ashirin yana fama da yawan fitsari, da aka cire ya samu sauƙi. Da na ga hoton, tamkar tasar nan ta Kano aka sake ajiye mini.

Maganinsa ba shi da sarƙaƙiya. Ƙarami wanda ba ya damun mai shi, in an tabbatar shi ne, ana iya barinsa. Wanda ya danne mafitsara ko hanji, ko wanda aka kasa rarrabe shi da ƙari, cire shi ake yi, a kuma kai ɗakin gwaji a tabbatar a ƙarƙashin madubin likita. Wahalar tana wajen ganewa, don abubuwa da dama suna kama da shi a hoto: ƙarin mahaifa da ya daɗe ya yi tauri, kaluluwar ciki da tarin fuka ya taɓa kamawa ta daskare, ƙarin da ke tsirowa a bangon hanji, har da ɗan tayin da ya zauna a wajen mahaifa ya mutu ya zama kamar dutse, wanda ni nake zargin yana cikin abubuwan da iyayenmu mata ke kira kwantaccen ciki. Saboda haka ba na son wanda ya ji curi a cikinsa ya karanta wannan ya kwantar da hankali. Na Baffa shi ne mai wuyar samu. Mafi yawan curin da hannu ke iya taɓawa a ciki wani abu ne daban, wasu kuma jinkiri ne ke mai da su ajali. Yau mutumin Tafashiya yana iya samun hoton CT a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, in aljihu ya ba shi dama, wanda sau da yawa sai an sayar da dabba ko an jinginar da gona.

Ban ce babu sihiri a duniya ba, addinina ya tabbatar da shi. Abin da na sani shi ne wannan abu ba shi ba ne, kuma an raba mace da ɗakinta, an raba yarinya da gidan ubanta, a kan tsirin kitse. Tun daga ranar da na gane haka, duk abin da aka ciro a tiyata aka ce in nuna wa dangi, ba na miƙa tasa in juya. Nakan zauna in zana musu a takarda, in faɗi daga ina ya fito, da Hausar da za su iya maimaitawa in sun koma gida, domin na san a gida za a tambaye su.

Lokacin da na samu wannan bayani Baffa ya riga mu gidan gaskiya, mahaifina ma haka. Na nemi inda tsohuwar matar Baffa take, na same ta a ƙauyensu, ta tsufa, ta yi wani auren mijin ya rasu. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, magana ce ta kawo ni, ta abin nan da aka ciro wa Baffa." Na yi mata bayani tun daga tsirin kitse har zuwa mutumin Amurka. Ta saurara har na kai aya.

"To, ɗana, na ji, Allah ya yi maka albarka," in ji ta. "Amma ni kake faɗa wa? Ni ai na san ban yi ba. Can gidanku za ka je ka faɗa."

Da Babbar Sallah, bayan an ci nama, na tara 'ya'yan Baffa da sauran dangi a zaure. Na nuna musu hoton a waya, na zana hanji a ƙasa da tsinke. Aka yi ta tambaya, wasu don su gane, wasu don su kure ni. Goggo, wadda a lokacin ido ya tafi amma baki na nan, ta aiko daga cikin gida cewa ita dai da idonta ta ga an dafa ƙwan zabi, kuma har ta rasu ba ta sauka daga kan wannan ba. Biyu daga cikin ƙannenmu suka ce abin da ya wuce ya wuce, tone-tone ba shi da amfani. Yaya babba, ɗan farin Baffa, bai ce uffan ba a zauren. Bayan an yi girbi ya ɗora buhun gero a babur, ya ce in raka shi wajen Kusada. Ya durƙusa ya nemi gafarar matar ubansa a madadin gidan, ta ce ta yafe. 'Yarta, wadda ta tafi a goye, ba ta fito ta gaishe mu ba a ranar. Sai da aka yi bikin autar Yaya ta zo Tafashiya da 'ya'yanta, ta kwana biyu a ɗakin da uwarta ta zauna.